Goro Talatin da Huɗu

Litinin, 11 ga Afrilu 1994, bayan La'asar

Yau muka sake buɗe makaranta bayan wata biyu tana rufe saboda rikicin ƙabilanci. Cikin yara arba'in da ɗaya, talatin da biyu suka dawo. Ban tambayi inda taran suke ba, su ma ba wanda ya faɗa. Mun share Gidan Goro, mun kakkaɓe tabarmi, Malam Saaka mai koyar da aikin katako ya mayar da ƙyauren da aka ɓalle.

Shekara shida ke nan ina koyarwa a wannan tsohuwar ma'ajiyar goro, har yau mutanen Salaga ba su daina ce mata makarantar wasa ba. Wai don ba mu da bulala, ba mu da ƙararrawa, kuma ranar kasuwa a layin masu doya muke yin lissafi maimakon a kan allo. Yaran da aka kora daga wasu makarantu, da waɗanda suka gaji suka kori kansu, su ne namu. Da suna gararamba a tasha ba wanda ya ce uffan. Da suka zauna suna karatu sai kowa ya zama gwanin tarbiyya.

Lamisi ce ta ƙarshen shigowa. Ta rame. Ta yi sallama aka amsa ciki-ciki, 'yan mata biyu suka ja tabarmarsu gefe kamar ta shigo da ƙazuwa. Na yi kamar ban gani ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ubanta marigayi Aruna direba ɗan unguwar nan ne, babu wanda bai taɓa hawa lorinsa ba. Uwarta ce 'yar ƙauyukan can, waɗanda tun watan Fabrairu ba a ambaton su a garin nan sai da tsaki. Uwar ta tafi a makon farko na rikicin, ba ta dawo ba. Yarinya 'yar shekara sha bakwai, tana zaune da kakarta, gidan wa ta ƙona?

Talata, 12 ga Afrilu, da rana

Ba wanda ya sa hannu a kwano ɗaya da Lamisi. Ni na ci da ita.

Alhamis, 14 ga Afrilu, bayan Azahar

Baba Alhaji Mashud ya zo da kansa, yana dogara sanda. Gidan Goro nasa ne, gadon kakansa, kuma shi ne shugaban komitin iyaye. Aminin babana ne, shi ya raɗa mini suna, don haka na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata.

Ya ce, "Awawu 'yata, yarinyar nan ta koma gida."

Na ce, "Wace yarinya, Baba Alhaji?" Alhali na sani sarai.

"Kada ki mai da ni sakarai. Iyaye sun zo mini. Sun ce 'ya'yansu ba za su zauna tabarma ɗaya da jinin mutanen can ba."

Ɗansa Karimu ya fita da lorin doya ranar da abin ya fara, har yau babu shi babu lorin. Allah ya sani ina tausayin tsohon nan. Amma tausayi ba zai sa in miƙa masa 'yar mutane ya huce a kanta ba. Na tuna masa dokar da shi da kansa ya sa wa hannu ranar da ya ba mu gidan: ba a korar kowa a nan sai zaman ɗalibai na ranar Alhamis ya yarda. Kowane yaro a ba shi goro biyu, fari da ja. Ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai, ya jefa wanda ya zaɓa cikin ƙwarya, ɗayan kuma ya jefa a kwandon bayan ƙofa don kada a gan shi da shi. Fari, a zauna. Ja, a tafi. Malamai ba su da goro. Ni aikina kawai in ɗauko ƙwaryar in kawo tsakar tabarma.

Ya yi murmushin da bai yi mini daɗi ba. Ya ce, "To madalla. Alhamis mai zuwa mu ji ta bakin yaran naki."

Na san abin da yake taƙama da shi. Shugaban zama a bana Jibirilu ne, ɗan Karimu, jikansa.

Asabar, 16 ga Afrilu, da hantsi

Kowane ɗalibi a nan yana da aikin da ya zaɓa wa kansa na shekara. Na Lamisi shi ne tsofaffin rijiyoyin Salaga. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya da igiya mai ƙulli-ƙulli, ta auna zurfinsu, ta tambayi tsofaffi wa ya haƙa, ta zana taswira. Yarinyar da aka ce ba ta gane lissafi a makarantarta ta da, yanzu ita ke koya wa ƙanana yadda ake fitar da faɗin bakin rijiya. Ta yi arba'in da uku kafin rikici.

Yau ta je ta arba'in da huɗu. Wata mata ta kore ta da guga, tana ihu wai magani za ta zuba musu a ruwa. Magani! Da igiya da fensir! Matar nan na san ta, shekaru uku Aruna yana kai mata itace kyauta. Lamisi ta dawo ta ajiye igiyar a gabana. Ni ce na yi ta faɗa har muryata ta dushe, kamar matar tana ɗakin.

Litinin, 18 ga Afrilu, bayan La'asar

Na so in tsayar da darasi in yi musu magana a kan zalunci. Malam Saaka ya ja ni waje. Hausarsa ta tasha ce, ba ta san mace ba balle namiji.

"Madam, gafara. Ka bar yara. Zama na su ne, ba na mu ba. In ka yi wa'azi, Alhaji ma zai zo ya yi na shi."

Gaskiyarsa, kuma abin ya ƙara ba ni haushi. Na koma ina kallon fuskokinsu ina ƙirgawa a zuci. Wannan uwarta ta hana ta. Wannan an ƙona musu rumbu. Wancan duk inda Jibirilu ya sa ƙafa nan yake sa tasa. Duk yadda na juya ban wuce fari goma ba. Jibirilu kuwa tun da aka dawo bai haɗa ido da ni ba, yana can gefe yana goge katako kamar katakon ne ya yi masa laifi.

Shekara shida ina cewa a saurari yara. To ga iyayensu sun cika musu kunne, me zan ji?

Laraba, 20 ga Afrilu, da yamma

Na sayo goron zama, sittin da biyu, na ba Malam Saaka ya ajiye. A hanya na ƙara farare uku wajen wata mai talla. Ni da ba na cin goro.

Alhamis, 21 ga Afrilu, bayan Magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Iyaye sun cika bakin ƙofa, Baba Alhaji a kujera a gaba. Jibirilu ya buɗe zama, ya ce duk mai magana ya yi. Wata ta ce ita tsoro take ji. Wani ya ce babansa ya ce. Aka ba Lamisi dama, ta miƙe ta ce, "Ni a nan aka haife ni," ta koma ta zauna kusa da ƙofar ɗakin ajiya. Ita ba ta da goro, tunda a kanta ake yi.

Suka shiga ɗaya-ɗaya, talatin da ɗaya. Sannan na shiga na ɗauko ƙwarya. Ban daɗe ba.

Jibirilu ya juye ta a tabarma. Ko daga nesa fari ya fi yawa, na ji numfashina ya dawo. Sai yaron nan, maimakon ya jera su fari da ja kamar kullum, ya fara ƙirga su gaba ɗaya. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ni na koya musu haka, ni da bakina, kada a yarda da ƙidaya sai an yi ta sau biyu.

Ya ɗago ya ce, "Madam, goro ya fi mutum yawa. Mu talatin da ɗaya ne. Wannan talatin da huɗu."

Daga nan ban iya jera abin da ya faru ba. Ihu, wani ya yi fatali da tabarma, goro ya watse har waje, awaki suka samu rabonsu. Ba wanda ya san fari nawa ne, ja nawa. Baba Alhaji ya miƙe ya ce, "Wasan yara ya ƙare."

Wa ya sa shi ƙirgawa? Shekara shida ba a taɓa ƙirga jimla ba sai yau!

Juma'a, 22 ga Afrilu

Ban je ba. Ciwon kai.

Asabar, 23 ga Afrilu, da rana

Garin nan ba ya tsoron Allah. Yanzu magana ta zaga har layin masu doya wai Lamisi ce ta zuba goron, don ita ta share ɗakin ajiya ranar da safe. Wai jini ba ya ƙarya. Yara a hanya suna bin ta da "ɓarauniyar goro". Manyan mata masu jikoki suna tafa hannu suna dariya.

Na je wajen Baba Alhaji ina huci. Na ce ba ita ba ce, na rantse ba ita ba ce.

Ya dube ni ya ce, "To wane ne, 'yata?"

Na ce yara ne, wataƙila wani ya ruɗe ya jefa duka biyun. Ya ce uku suka ruɗe a rana ɗaya? Ya ce komiti ya soke zaman Alhamis, yarinya kuma kada ta sake taka masa gida. Na fito ina zage-zage a zuci, na zagi komiti, na zagi iyaye, na zagi mai tallar goro ma da ba ta san hawa ba balle sauka.

Ba ita ba ce. Wannan dai na sani.

Lahadi, 24 ga Afrilu, da safe

Na wanke zanen da na ɗaura ranar Alhamis. Na sake wanke shi.

Talata, 26 ga Afrilu, bayan Azahar

Goggon Lamisi, Zenabu, ta zo daga Bawku ta tafi da ita a lorin safe. Kakar ce ta aika aka kira ta, ta ce ba za ta iya kwana da tsoro kullum ba. Ba a gaya mini ba sai da lori ya tashi. Ko sallama. Shekara uku ina koyar da yarinyar nan, ko sallama ba a bari ta yi mini ba.

Wata ɗaliba ta ce mini, "Madam, Lamisi ya ce a gaishe ki." Na daka mata tsawa ta koma wurinta. Ban taɓa yi wa yaro tsawa a ɗakin nan ba sai yau. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhamis, 28 ga Afrilu, bayan La'asar

Bayan an tashi Malam Saaka ya kira ni rumfarsa ta katako. Ya jawo kwando daga ƙarƙashin benci, an rufe shi da ɗanyen buhu. Kwandon bayan ƙofa ne, na goron da yara ba su zaɓa ba. A cikin hayaniyar nan kowa ya manta da shi, shi ya ɗauke ya ɓoye.

"Madam, ni ba na son wahala kuraa, ko kaɗan. Amma ka ƙirga."

Na ƙirga. Talatin da ɗaya cif. Ja sha shida, fari sha biyar.

Ya ce, "In ja sha shida yana nan, fari nawa ya shiga ƙwarya?"

Ba sai an koya mini wannan lissafin ba. Sha shida suka ce ta zauna. Da goro ɗaya suka rinjaya, da kansu, ba tare da kowa ya taimake su ba.

Ya mayar da buhun ya rufe. Bai dube ni ba ya ce, "Ranar nan haɓar zanen ka ya yi nauyi da ka shiga. Da ka fito bai yi nauyi ba. Ni ban gaya ma kowa ba. Ba bakina ba ne zai faɗa."

Na ce masa shi kafinta ne, ya tsaya a katakonsa. Haka na ce wa mutumin da ya rufa mini asiri mako guda.

Lahadi, 1 ga Mayu, Yendi, da yamma

Ta Tamale na biyo, hanyar kusa ba ta biyuwa. Shingen soja bakwai, kowanne a sauka a buɗe jaka. Gefen hanya ba zan rubuta abin da na gani ba.

Na zo wajen Yaya Atikatu, wadda ta fara irin makarantar nan a Yendi, a hannunta na koyi komai. Na ce ta rubuta wa Baba Alhaji takarda ya mayar mana da zama. Na yi kusan awa ina zayyana mata laifin mutanen Salaga. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Awawu, wa ke ɗauko ƙwarya a wajenku?"

Ba ta jira amsata ba.

"Laifi tudu ne. Kin zo tun daga Salaga a kan naki kina hango na wasu." Ta ture farantin. "Kin ɗauka don bulala tana da zafi muka hana ta? Mun hana ta ne don mai riƙe da ita ya gama yanke hukunci kafin yaro ya buɗe baki. Alhaji bai yarda da yaran nan ba, ya faɗa a fili. Ke kin ce kin yarda da su."

Na ce don yarinyar na yi. Ta ce ta sani, kuma yarinyar tana ina yanzu?

Ba ta rubuta takardar ba. Ta ba ni tuwo, na kasa ci. Ina jin haushinta har yanzu, na rasa ta inda zan kama ta da laifi.

Alhamis, 5 ga Mayu, bayan Azahar

Na dawo, na tara yaran a gindin mangwaro tunda an hana mu zama a ciki. Na aika aka kira Baba Alhaji. Malam Saaka ya kawo kwandon.

Na ce ni ce. Farare uku, a haɓar zanena, ni na zuba. Na ce na yi ne don ban yarda za su zaɓi daidai ba, na kuma bari aka kira Lamisi ɓarauniya ina ji ina gani.

Ba wanda ya yi ihu. Da ma sun yi. Jibirilu ya ƙirga kwandon a gaban kakansa, sau biyu. Sannan ya dube ni, karo na farko tun da aka dawo.

"Madam, ni fari na sa."

Kakansa ya juyo kamar an mare shi. Yaron ya ce, "Ba Lamisi ya tare lorin Baba ba. Tare muka auna rijiyar gidanmu." Idonsa ya kawo ruwa, ya ce mini, "Kin ce mu ne muna da zama. Ashe ƙarya ne paa, ƙarya zalla."

Baba Alhaji ya daɗe yana kallon goron nan da ya fara yaushi. Ya ce shi ɗan kasuwa ne jikan ɗan kasuwa, bai taɓa musun ƙidaya ba. Sha shida ta fi sha biyar. In yarinya ta so ta dawo, ƙofa a buɗe take. "Ke kuma, Awawu, sai komiti ya zauna a kanki."

Su zauna. Jibi zan tafi Bawku in ɗauko ta.

Asabar, 7 ga Mayu, a hanya

Savelugu, Walewale, taya ta fashe, ruwan sama. Ina ta shirya abin da zan ce.

Lahadi, 8 ga Mayu, Bawku, bayan La'asar

Na same ta a rumfar goggonta a layin masu albasa, tana ware manya da ƙanana. Ta ɗan yi ƙiba. Ta miƙe ta karɓi jakata, ta ba ni benci, ta kawo ruwa. Zenabu ta amsa gaisuwata da ƙyar ta koma gefe.

Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Lamisi, goron nan ni na zuba."

Ta ce, "Na sani, Madam. Ina bakin ƙofa. Na ga kin kwance zane."

Na ce don me ba ta faɗa ba, ana ta jifan ta da sunan ɓarauniya?

"Wa zai yarda? Kuma ke ce Madam." Ta ci gaba da ware albasa. "Ɓarauniya bai dame ni ba kuraa. Tun Fabrairu an kira ni abin da ya fi haka. Amma ke kin san su ɗaya-ɗaya, kin san gidan su. Da na ga kin sa goro, na ce to, Madam ma ya san babu mai so na a ciki. Shi ya sa da Goggo ya zo ban yi gardama ba."

Na gaya mata zancen kwando. Na ce sha shida ne, har da Jibirilu. Na ce Baba Alhaji ya buɗe ƙofa, gobe akwai lori.

Hannunta ya tsaya a cikin buhu. Ta ce, "Sha shida?" Na ce sha shida. Ta juya baya ta daɗe tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Da ta juyo ta ce, "Da kin bari na gani da idona, Madam. Da an jera su a tabarma kowa yana kallo, da zan iya zama da sha biyar ɗin. Yanzu in na koma, matan rijiya ba su ga kwando ba."

Na roƙe ta. Ni Awawu, a tsakiyar kasuwar Bawku, na roƙi ɗalibata har masu albasa suna leƙe. Zenabu ta ce, "Madam, kun gwada a kan 'yarmu ya isa haka."

Lamisi ta raka ni bakin titi. Ta ce in gaishe da sha shidan. Na ce ban san ko su wane ne ba, Jibirilu kaɗai na sani.

Ta ce, "To ki gaishe su duka."

Litinin, 9 ga Mayu, tashar Bawku, da safe

Na zo da wuri na zauna inda ake ganin bakin tasha. Lori na farko ya cika ya tafi, na bar shi. Na biyu ya kusa cika. Mai tikiti ya gaji da ni, ya ce, "Madam, mutum nawa?"

Na ce ɗaya.